Bugun da Na Aro wa Baba

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 4:20 na yamma

Mun ɗauki take goma sha ɗaya cikin talatin da biyu.

Zan rubuta komai da rana da lokaci. Shekara goma sha bakwai a teburin tace labarai sun koya mini cewa abin da ba a sa wa kwanan wata ba, gobe sai an yi gardama a kansa, kuma yawanci da kaina nake gardamar.

Baba ya fi shekara hamsin yana kaɗa wa mahautan Daura kalangu. Kowane mahauci da takensa, ɗan gajeren kiɗan da in aka buga, ko yana ƙarshen kasuwa ya san da shi ake. Yawancin masu taken sun rasu, kuma babu inda taken yake yanzu sai a kan Baba. Tun abin da ya faru ranar Asabar ɗin nan ta watan jiya, da hannunsa na dama ya raunana, ya dage sai an ɗauke su duka kafin mu tafi asibiti a Kano ran 26. Ban yi masa musu ba. Ɗakin da nake ɗaukar tallan rediyo yana nan a bakin zaure, da katifunsa a bango da makirufo biyu.

Hagunsa tana nan yadda na san ta. In ya matse igiyoyin a hammata muryar kalangun ta hau, in ya saki ta sauka, ko kallo ba ya yi. Gula, sandar bugun, ta faɗi daga damarsa sau huɗu. Ya ce icen ne ya tsufa yake santsi. Na ce lallai ya tsufa.

Da muka tashi ya ce, "Edita, a sa mini in ji."

"Sai na tace, Baba."

"Labari ne da za ki tace?"

"Duk abin da ya biyo ta hannuna sai na tace."

Ya ce halin Inna na gado.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe 1:05 na rana

Take goma. Ruwa ya tsayar da mu minti arba'in saboda ƙarar kwano. Gula sau shida.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 5:40 na yamma

Talatin da biyu cif. Baba ya shiga gida yana gaya wa Inna cewa ya sauke kaya, ta dafa masa abin da ba likita ne ya zaɓa ba.

Na rufe ƙofa na saurara ni kaɗai.

Bai manta ko ɗaya ba. Kowane take yana wurinsa, hawa da saukar muryar duk daidai. Bugun ne matsalar. Kamar mutum yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da bai tabbata ana son ganinsa ba. A taken Sha'aban Dogo na ƙirga bugu bakwai da babu su sam: hagu ta matsa, kalangun ya buɗe baki, babu abin da ya fito.

Ina jin in yana kaɗawa, wanda ke cikin kansa yake ji. Lasifika ba ta da wannan karar.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 10:15 na safe

Na kira Musaddiq. Tare muka yi aiki a gidan rediyo a Kaduna, yanzu yana haɗa wa mawaƙa sauti a Kano. Na tura masa minti ɗaya. Da ya saurara sai ya tambayi jikin Baba. Na ce da sauƙi.

Ya ce akwai manhajar da aikinta ke nan. Za ta bi kiɗan tun daga farko, duk inda ta ji bugu ta sa alama, sannan ta ɗora wani bugun mai ƙarfi a daidai wurin, daga samfurin da aka ba ta. Lokaci na makaɗin ne, ƙarar ta aro ce.

"Rabin waƙoƙin da kike ji a motar haya haka aka yi su, Haula."

"Wannan ba ƙarya ba ce?"

"Kin taɓa gyara wa wani babba jimla kafin a buga jarida?"

"Kullum."

"Kin rubuta a ƙasa cewa ke kika gyara?"

Na tambaye shi sunan manhajar. Ya ba ni sunayen manhaja uku, kowacce da gwajin kwana goma sha huɗu. Na sauke su duka yau, ke nan duk za su rufe ran 21. Sunayensu dogaye ne, don haka zan kira su da launin fuskarsu: Ja, Baƙa, Shuɗiya.

Abin da nake nema: ta ji bugun da ba shi da ƙarfi, ta karɓi samfurin da ni na ba ta, ta bi hawa da saukar murya, ta yi aiki ko babu intanet. Musaddiq ya ce na ukun ne zai ba ni wahala, don waɗanda suka yi su ba su yi su don gangar da ke magana ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe 11:30 na safe

Ja ita ce wadda ake ta yabo. Maɓalli ɗaya ne, ta ce ita za ta yanke shawara. Na ba ta taken Jafaru Mai Tsire.

Cikin bugu sittin da ɗaya ta ji talatin da takwas. Sauran ta ɗauke su hayaniya ta share. A madadinsu ta gano wani bugu mai nauyi da ke zuwa a kai a kai, ta ɗora masa babbar gangar Turawa. Na ɗauki minti goma kafin in gane taɓaryar Inna ce daga tsakar gida.

Na gaya wa Inna cewa kwamfuta ta zaɓe ta a kan mijinta. Ta ce dama ita ta fi shi riƙe lokaci, tun ba yau ba. Ba ta tambaye ni me kwamfutar take zaɓe ba. Ni ma ban ƙara ba.

Na cire Ja.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe 8:00 na safe

Mako biyar yau. Da hagu ya sha koko.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe 3:10 na rana

Baƙa tana da kunne. Na sassauta mata ma'aunin ji, ta kama hamsin da tara cikin sittin da ɗaya, ba ta kula taɓarya ba. Tana da ganguna ɗari biyu da wani abu a rumbunta, babu kalangu ko ɗaya, amma ta yarda in ba ta nawa. Matsalarta ba ta san Baba yana matsa igiya ba. Duk bugun da ta ɗora murya ɗaya yake fitowa. Taken Jafaru ya koma kamar kafinta yana kafa rufi. Da Jafaru yana raye, ko waiwayowa ba zai yi ba.

Kawu Amadu ya aiko da ƙwan zabi da nono daga Sandamu. Ƙanen Inna ne, kuma shekara ashirin da biyu yana kaɗa kalangu na biyu a bayan Baba. Da ya dawo daga aikin hajji ya ce ya yi alkawari a can ba zai sake rataya kalangu ba, ya koma kiwon shanun sayarwa. Shekara goma sha tara ke nan. Babu wanda ya zagi wani. Baba dai ya ɗauka an ce masa sana'arsa ƙazanta ce, kuma tun daga ranar bai sake kiransa Amadu a fuskarsa ba. "Alhaji, an zo lafiya." "Alhaji, a sauka lafiya." A wurin jana'iza da suna kawai.

Baba ya ci ƙwai uku. Ya ce zabin Sandamu ba su kai na da ba.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 12:45 na rana

Shuɗiya tsohuwa ce, mummuna, rubutunta ƙanana kamar na takardar magani. Amma tana da wani layi da ke bin muryar ganga, in ta hau ya hau. In ta ɗora bugu sai ta lanƙwasa shi ya bi hagun Baba. Tana kuma barin in gauraya, in bar ɗan nasa a ƙasa in ɗora na aro a sama. Inda babu bugu sam, sai in sa alama da hannuna. Aiki ne na ɗinkin hula.

Saura samfur. Ba na son kalangun wani baƙo daga intanet. A akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwa, na sami kaset: bikin wani mahauci a Zango, 1998, an rubuta "Maliki Kalangu" da jan biro. Yawancinsa hayaniya ce, guɗa da maroƙa da kalangu biyu a haɗe. Amma a farkon ɗaya gefen akwai minti uku da kalangu ɗaya yake kaɗawa shi kaɗai, tsaf, kafin jama'a su cika wurin.

Baba yana ɗan shekara arba'in da biyar. Na saurara sau huɗu kafin in fara yanka. Na yanko bugu ashirin da huɗu, masu ƙarfi da matsakaita da na raɗa.

Ba aron wani zan yi masa ba, nasa zan mayar masa. Na rubuta wannan jimlar na ga ta yi kyau.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 2:00 na rana

Take biyu a kwana biyu. An ɗauke wuta tun safe, sola ce ke riƙe da ni.

Baba ya leƙo ɗakin. "Edita, jaridar nan ba ta fitowa ne?"

"Tana wurin ɗab'i, Baba."

"A zamaninmu in ka kaɗa da safe, kafin azahar an gama yabonka ko zaginka."

Ya tsaya yana kallon zanen sautin a fuskar kwamfuta. Ya nuna da hagu ya ce waɗannan duwatsun fa. Na ce bugunsa ne. Ya ce ashe ƙanana ne. Na ce na rage girman hoton ne. Ban rage ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe 12:20 na rana

Mun je an duba shi. Ran 26 ɗin tana nan. Likitan ya yi magana a hankali, ni yake kallo. Na rubuta abin da ya faɗa a wani littafin, ba wannan ba.

A hanyar dawowa Baba ya sa mai babur ɗinsa ya bi ta layin mahauta. Duk suka miƙe. Hagu ya ɗaga musu.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 5:15 na yamma

Mako shida. Take biyar sun kammala. Na tura wa Musaddiq na Sha'aban Dogo, ya ce in ba don ya sani ba da ya rantse jiya aka kaɗa shi da hannu lafiyayye. Gobe zan sa wa Baba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe 4:50 na yamma

Bayan la'asar na shimfiɗa masa darduma a ɗakin. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiyar da ba ta shara da ita.

Na sa taken Sha'aban Dogo. Ya rufe ido. Da ya ƙare ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." A na ukun bai bari ya kai ƙarshe ba.

"Amadu ya shigo gidan nan?"

"A'a, Baba."

"To yaya aka yi hannunsa ya shigo?"

Na ce nasa ne, daga kaset ɗin Zango. Na yi bayanin manhajar, na yi shi da kyau, har da adadi. Ya bari na gama.

"Uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa gare ni, kuma ba ya kirana haka sai magana ta yi nauyi. "Ni tsakiyar fata nake sauka in zauna. Shi gefe yake bugu, ya ɗaga gula da wuri kamar fatar da zafi. Shekara ashirin da biyu yana bayan kunnena. Matsar tawa ce. Bugun nasa ne."

Sannan ya ce in sa masa wanda ban taɓa ba.

Na ce ba a shirye yake ba. Ya ce ai shi ne wanda ya fi kowanne zama a shirye.

Na sa. Ya saurara har ƙarshe, har wuraren nan bakwai. Bai rufe ido ba wannan karon, hannunsa na dama yake kallo. Da ya ƙare ya ce, "To." Ya dafa bango ya tashi. Inna ta matsa masa hanya.

Bai ci tuwo ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 9:30 na safe

Gyara: A rubutunmu na ran 11 ga wata mun ce mai kaɗa kalangu shi kaɗai a farkon kaset ɗin Zango Maliki ne. Ba shi ba ne. Muna ba da haƙuri.

Inna ce ta yi mini bayani tana tankaɗe. A wurin biki babban makaɗi ba ya fara kiɗa. Na bayansa ne ke share fage, ya yi ta kaɗawa shi kaɗai har mutane su taru, shi kuwa babban yana ciki ana gaisawa ana ba shi abinci. Sai wuri ya cika yake fitowa. Duk inda aka ji kalangu ɗaya tsaf babu hayaniya, to na ƙaramin ne.

"Kowane ɗan gidan makaɗa ya san wannan," in ji ta.

"Ina shekara goma sha ɗaya kuka kai ni makarantar kwana."

"Da kin tambaye ni."

Shekara goma sha bakwai ina mayar wa 'yan rahoto labari saboda majiya ɗaya ce. Majiyata ta biyu tana tsakar gida tana daka, ban tambaye ta ba don kada ta san abin da nake yi. Ta ce ta sani tun ranar taɓarya.

Litinin, ƙarfe 5:05 na yamma

Baba ya kira ni gindin darbejiya. Na zo da shirin ba da haƙuri, ya katse ni.

"Ni ban ƙi na'urarki ba. Mai gurguwar ƙafa ma sanda yake riƙewa, babu wanda ya ce ya yi ƙarya. Wancan na jiya na biyun, kada jikokin Sha'aban su ji shi. Ubansu ba haka aka kira shi ba."

"To in ci gaba?"

"In za ki aro mini hannu, ki tambayi mai shi. Mutumin nan ya ce ya bar kiɗa. Ke kuma kin sa shi yana kaɗawa a ɗakinki bai sani ba."

"In ya ƙi fa?"

"Sai mu bar su. Su tafi tare da ni."

Ya faɗe ta kamar yana maganar ruwan sama. Saura kwana uku gwajin ya ƙare, takwas mu tafi.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 3:40 na rana

Na dawo daga Sandamu. Gero ya yi kai duk hanya.

Na sami Kawu a wurin turken shanunsa yana haɗa dusa. Muka gaisa, ya tambayi Yayarsa, ya tambayi mai jiki, bai ambaci suna ba. Na gaya masa komai a jere, ban tace ba.

"Na bar wannan harkar, 'yar nan."

"Na sani, Kawu. Izini kawai na zo nema."

Ya goge hannu ya ce in sa. Na sa a waya. Bijimi ɗaya ya ɗaga kai.

"Wannan bugun na ji shi ɗazu. Ga shi kuma. Ga shi kuma. Guda nawa kika ɗiba?"

"Ashirin da huɗu."

"Ashirin da huɗu." Ya dube ni. "Ni ban taɓa bugun wuri ɗaya sau biyu ba. Kin mai da ni injin markaɗe."

Sai ya ce in sa na Baba, na yanzu. Na yi jinkiri, don Baba bai ba ni izinin wannan ba. Na sa rabin minti. Kawu ya juya ya je ya kwance igiyar wani bijimi ya sake ɗaure ta yadda take.

"Tun yaushe?"

"Mako shida."

"Yaya ta ce mini da sauƙi."

"Haka muke cewa."

Da zan hau babur na sake tambaya. Ya ce bai yarda ba, bai kuma hana ba, in gaida Yaya.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 6:10 na yamma

Babu saƙo. Baba bai tambaya ba. Sau biyu ya aika ni in duba ko an yi sallama.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 8:25 na safe

Na cire Baƙa, na sayi Shuɗiya. Dalili: ita kaɗai ta san akwai hannun hagu. Ban san ko zan sake buɗe ta ba.

Alhamis, ƙarfe 5:30 na yamma

Ƙarfe goma sha ɗaya Kawu ya yi sallama, da ƙwan zabi a kwano. Ya ce dubiya ya zo.

"Alhaji, an zo lafiya."

"Lafiya lau, Yaya Maliki. Ya jiki?"

"Da sauƙi."

Suka yi maganar damina da farashin dusa har na fara tunanin shi ke nan. Sai Kawu ya juyo wurina ya ce, ba don komai ba, na'urar nan tawa ta yi kuskure a taken Jafaru Mai Tsire, bugu na uku ninka shi ake yi.

Baba ya ce, "Ba a ninkawa."

"Ana ninkawa."

"Shekara goma sha tara kana bin bayan shanu, yau za ka koya mini taken Jafaru."

"Kai kana ciki kana cin naman biki nake kaɗa masa shi. Ni na fi ka kaɗa shi."

"Shi ya sa ya mutu yana ƙorafi."

Baba ya ce in ɗauko kalangu. Muka koma ɗakin. Ya rataya, ya ɗauki gula, ya yi bugu biyu, a na ukun ta faɗi. Babu wanda ya ce ice ya tsufa.

Kawu ne ya ɗauke ta. Ya juya ta a hannunsa. Ya ja kujera ya zauna a damar Baba, kafaɗa da kafaɗa, ya miƙa hannu ta gaban ƙirjinsa.

"Matsa."

"Alkawarinka fa, Alhaji?"

"Na ce ba zan sake ratayawa ba. Ga shi nan a wuyanka. Sauran tsakanina da Ubangijina ne, ba da kai ba. Matsa."

Sau uku suka rikice. Ɗaya ya matsa kafin ɗaya ya buga, kowa ya ce ɗayan ne. A na huɗun Baba ya ɗora hannun dama a kan gwiwar Kawu. Ba ya iya riƙe gula, amma yatsu biyu suna iya taɓawa. Yana taɓa gwiwa, Kawu yana bugu, hagu tana matsawa.

Jafaru Mai Tsire ya fito sarai. Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu.

Na ce, "Kawu, in danna?"

"Sai yau kika koyi tambaya? Danna."

Bugu na uku an ninka shi. Baba ya ce don baƙo ne ya bari.

Take tara.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 12:10 na rana

Take takwas kafin su tafi masallaci. A babur ɗaya suka tafi, suna gardamar wa zai zauna a tsakiya.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 4:30 na yamma

Mako bakwai. Goma sha biyar, an kammala. Baba yana gajiya da wuri, muna hutawa bayan kowane uku. Kawu a gidan ya kwana biyu, ya ce wai hanya ta lalace. Na bi hanyar ran Talata, ƙalau take.

Baba ya ce masa ya daina bugun gefe. Kawu ya ce in yana son tsakiya ya nemo wani surukin.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe 2:15 na rana

Ina sauraren duka na tarar da rami ɗaya. A taken Sha'aban Dogo, kusa da ƙarshe, Kawu ya yi tari ya rasa bugu ɗaya. Na ce mu sake ɗauka. Inna ta dubi Baba ta ce ba za a sake ba.

Baba ya ce, "Ina na'urar taki? Ba don wannan aka saye ta ba?"

Na buɗe Shuɗiya. Na ce zan sa ɗaya daga cikin ashirin da huɗun nan, in Kawu ya yarda.

"Ban yarda ba," in ji Kawu. "Sa nasa."

"Babu nasa a kaset ɗin, duk a cikin hayaniya yake."

"Na wannan watan."

Na koma ɗaukar ran 4. Na bi bugun Baba ɗaya bayan ɗaya har na sami wanda ya sauka a tsakiyar fata ya zauna. Ba shi da ƙarfi. Na ɗora shi a ramin, layin ya lanƙwasa shi ya bi hagu. Na kai hannu zan ƙara masa ƙara don ya yi daidai da na kewayensa.

"Bar shi haka," in ji Kawu.

Baba ya ce, "Wa zai ji wannan?"

"Ni."

Na bar shi. Yana minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyu.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe 3:00 na rana

Na tura wa Musaddiq kwafi, na ajiye biyu a wurare daban, na kai wa Sarkin Fawa ɗaya ya raba wa iyalan masu taken. A jiki na rubuta: Matsa, Maliki. Bugu, Amadu, ban da guda ɗaya. Gyara, Haulatu. Musaddiq ya ce wannan ne karo na farko da ya ga na sa sunana a ƙasa.

Inna ta haɗa kaya. Ta sa masa riguna masu faɗin hannu. Ta sa bakwai, ta cire biyu, ta mayar da su.

Talata, 26 ga Agusta, ƙarfe 6:55 na safe

Mota tana ƙofar gida, direba yana ɗaure kaya. A kan cinyata nake rubutu.

Baba ya rataye kalangu a ƙusar ɗakina da kansa. Gular ya fito da ita ya miƙa wa Kawu.

"Riƙe mini har in dawo."

"Ni ba na ajiyar kayan kiɗa."

Ya sa ta a aljihun gaba. Ba a shirya da shi a tafiyar ba, amma ya buɗe ƙofa ya shiga baya, ta dama. Ya ce yana da wanda zai gani a Kano kan maganar dusa.

Baba ya shiga ya gyara zama, ya ce, "Amadu, matsa mana, ka cika wuri."

Inna tana riƙe da kwandon abinci. Ta dube ni don ta tabbatar na ji.

Na ji. Ƙarfe shida da minti hamsin da ɗaya.